Jan Fenti a Gonar Inna Amatu

Idan ana zancen sanin saniya a unguwar Roumdé Adjia ta Garoua, ba a nisa sai an ambaci Zaharaddin mahauci. Daga nesa zai hango sa a kara, ya gaya maka ko kitse ne a jikinsa ko kuwa ruwa aka ɗura masa da safe don ya cika ido. Amma ka kai shi bakin daji ka nuna masa itace, to ka gama da shi. A wurinsa itatuwan duniya iri biyu ne kawai: wanda garwashinsa ke gasa nama, da wanda ba ya komai sai hayaƙi.

Ga shi kuwa yana da gona. Ta mahaifiyarsa ce, Inna Amatu, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu bayan Guider. Can aka haife ta, aure ya kawo ta Garoua, da mijinta ya rasu ta ce ita zaman birni ya ishe ta, ta koma ta kama gonar ubanta. Kowace shekara takan aiko wa ɗanta da buhun 'ya'yan gawo saboda ragunan layya da yake turkewa. Raguna su yi ta ƙiba, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa tambayar yadda bishiyar take ba. Zuwansa na ƙarshe tana kwance, ta riƙe hannunsa ta ce, "Gonar nan, kada ka bari ta fita hannu." Ya ce to, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Ba a daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa. Sai dai hidimar kasuwa ta haɗiye shi, yau saniya gobe saniya, damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wata ma ta biyo, bai leƙa ba.

Wata safiya bayan an gama girbi, yana tsakiyar datsa haƙarƙari, wayarsa ta yi ƙara. Jauro ne, mai garin ƙauyen. Aka gaisa da Fulatanci, sannan tsohon ya juya harshe zuwa Hausa don maganar ta shiga sosai.

"Ɗan Amatu, gonarku ta zame mana damuwa. A saman gangare take, ba a nome ta, ƙasa ta daskare kamar daɓe. Ruwa in ya sauka ba ya shiga, sai ya kwararo ya haƙa rami a gonar da ke ƙasa. Kafin ruwan farko zan zaga gonaki. In na tarar ba mai kula da ita, zan ba wanda zai iya. Ka ma gode wa 'yan komite, ba don su ba da tuni an wuce wannan magana."

'Yan komite wasu mutanen ƙauyen ne, maza da mata, Musulmi da Kirista, da suka ɗaura wa kansu gyaran ƙasar garinsu ba tare da wani ya sa su ko ya biya su ba. Mako-mako suna fita gayya, abin da a can ake ce wa surga, su jera duwatsu a gangare, su share hanyar tare gobarar daji, su cike ramuka. Zaharaddin ya taɓa jin labarinsu a bakin Inna, amma ta kunne ɗaya ya shiga ya fita ta ɗayan.

Ya bar wa ƙanensa Taufiƙ teburin nama, ya naɗe addarsa ta fasa ƙashi a buhu. Matarsa Karimatu ta dube shi ta ce, "Malam, gona za ka ko mayanka?" Ya ce namiji ba ya tafiya daji hannu sake. Ta yi masa addu'a tana danne dariya.

Ranar da ya isa ta faɗo ranar kasuwar Guider, ƙauye ya watse, sai awaki da tsofaffin da ba sa fita. Ya wuce gona kai tsaye. Da ya hau gangaren sai ya tsaya cak. Layuka ne na duwatsu an jera su a gicciye, suna lanƙwasa yadda ƙasar ta lanƙwasa, bayan kowane layi ƙasa mai laushi ta taru, busasshiyar ciyawa ta kama. Ya ɗaga dutse ɗaya ya ji nauyinsa. Mutanen da ba su haɗa komai da shi ba ne suka yi ta ɗauko waɗannan a ka, cikin rana, zuwa gonar uwarsa, shi yana can yana ciniki. Kunya ta rufe shi, godiya kuma ta cika masa ciki har idonsa ya kawo ruwa.

Sannan ya lura da ƙananan itatuwa masu ƙaya barbaje a gonar, wasu iya ƙugunsa, wasu sun kai kafaɗa. Kowanne an shafa masa jan fenti a jiki.

To, nan fa basirar Zaharaddin ta motsa. Tun yana saurayi ya san abin da jan fenti ke nufi. A kara, in mahauci ya gama ciniki, sai ya sa a shafa wa saniya ja a gefen ciki, shi ke nan kowa ya san tata ta ƙare, mayanka za ta. Ya gyaɗa kai yana jinjina wa hankalin mutanen nan. Sun jera duwatsu, sun bi sun ware ƙayar da za a sare, lokaci ne kawai bai ba su dama ba. Ya ce a ransa, wannan kam aikina ne, yau za su san ɗan Amatu ba butulu ba ne.

Ya tuɓe riga ya kwance adda. Sara ɗaya yake yi wa kowanne, a karkace, kusa da ƙasa, yadda yake raba gaɓa da gaɓa. Ƙaya ta yayyage masa hannu bai kula ba. Ya yi azahar a gindin dutse ya koma. Tumfafiya da sabara da ba su da fenti kuwa ko taɓa su bai yi ba, don mahaucin kirki ba ya sa wuƙa a dabbar da ba a sa wa alama ba. Kafin la'asar ya gama, ya tara saran wuri ɗaya tsibi guda. Ya lalube aljihu don ya cinna wuta, Allah ya taimake shi ba ya shan taba, babu ashana.

Yana zaune yana jin daɗin kansa 'yan kasuwa suka fara dawowa. Wata mace gajera kakkaura da kwano a ka ta ratso ta gefen gonar, bayanta wani tsoho yana tura keke. Ita ce Hélène, shugabar komite, wadda ta koyi Hausa a wajen sayar da gyaɗa a Garoua. Tsohon kuma Maurice ne, tare suka yi ƙuruciya da Inna Amatu.

Zaharaddin ya miƙe da fara'a. "Jam na? Ni ne ɗan Amatu. Na ga kun sa alama, na ce bari in rage muku aiki."

Hélène ba ta amsa gaisuwar ba. Ta sauke kwanon a hankali, ta dubi gonar daga sama har ƙasa, ta dubi tsibin ƙayar, ta dubi tumfafiyar da ke tsaye lafiya lau tana kaɗawa.

"Mon Dieu, ya Allah," ta ce. "Kai ka yi wannan? Duka?"

"Duka, Madam. Ban bar ko ɗaya mai fenti ba."

Abin da ya biyo baya rabinsa da Faransanci ne, sauran da yaren garin, amma ba sai an fassara masa ba. Da numfashinta ya dawo ta koma Hausa. "Gawo ne! Gawo ka sare, Malam! Ja ɗin nan cewa yake kada a taɓa. Mai garma ya kauce, mai itacen girki ya wuce, mai kiwo ya janye awakinsa. Damina uku muna tsaron su kamar jarirai. Da su na roƙi Jauro ya ƙara haƙuri, na ce gonar ba ta mutu ba, ga shaida. Yanzu me zan nuna masa? Tumfafiya?"

Ta zauna a kan layin duwatsu ta haɗa kai da gwiwa. Zaharaddin ya tsaya da adda a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Don ya sami abin yi da hannunsa, ya sunkuya ya ja reshe ɗaya daga tsibin. A ƙasa da fentin akwai wani ƙyalle ɗaure, rana ta cinye launinsa, amma zanen ganyen da ke jiki bai ɓace ba. Ya san atamfar. Shi ya saya wa Inna ita a wata ƙaramar salla.

"Ita ta fara," in ji Maurice a hankali. "Tun babu komite. Babban gawon gonar nan iska ta kayar da shi, amma saiwarsa tana nan a ƙasa tana fito da 'ya'ya. In ta ga ɗaya ya tsiro sai ta yage bakin zaninta ta ɗaura masa. Muna yi mata dariya. Daga baya muka ga dawar da ke gindin gawo ta fi ta ko'ina, sai muka bar dariya muka sayi fenti."

Zaharaddin ya kwance ƙyallen ya sa a aljihu. Babban mutum, mai furfura a gemu, ya juya baya ya yi kuka.

Da ya natsu ya tambayi tsohon, "Baba Maurice, gonar da ruwa ke ci a ƙasa, ta wa ce?"

Maurice ya nuna Hélène da haɓa. "Tata ce. Ita kuma Jauro ya ce zai ba taku in an karɓe."

Shi ke nan, in ji zuciyarsa. Da hannunsa ya miƙa gonar, kuma ga wadda ta fi shi cancanta. Ya fara naɗe addarsa a buhu.

Bai gama ba ya ga Hélène ta tashi ta durƙusa gaban wani kututture. Ta shafa bakin saran da babban yatsa, ta matsa ga na gaba, ta sake shafawa.

"Sara nawa ka yi wa wannan?"

"Ɗaya, Madam."

"Duka haka?"

"Ban iya sara biyu ba."

Ta yi tsaki, amma muryarta ta fi ta ɗazu sanyi. "Au moins, ko ba komai, ba ka farfasa su ba. Kututturen da ya tsage ruɓewa yake, wanda aka yanke sumul yana iya tohowa. Gawo kuma ba kamar sauran itatuwa ba ne, da rani yake ganye. Sai dai toho ɗaya ya leƙo, awaki sun gama da shi." Ta nuna tsibin. "Allah ya so ka ba ka ƙone ƙayar ba. Kwaso ƙayar nan, kowane kututture a kewaye shi da nasa."

"Madam, ban san da wane baki zan..."

"Ban ce na huce ba. Na ce ka kwaso ƙaya."

Su uku suka yi ta yi har rana ta yi ja. Washegari sauran 'yan komite suka fito, kowa ya zo ya ga ɓarnar da idonsa, a yi salati, a yi dariya, sannan a sunkuya a kama aiki. Daga ranar sunansa a ƙauyen ya koma Sarkin Fawan Gawo, ya kuma amsa, don ya san ya ci sunan.

Haka ranin nan ya tafi. Duk ranar surga, tun da sassafe yana tasha, ya hau motar Guider, daga can babur ya ƙarasa da shi. Ba ya zuwa hannu biyu: wani lokaci kayan ciki, wani lokaci ƙafar saniya, da ƙullin yajin da Karimatu ke daka masa. Yankan hannunsa ne, don haka kowa na ci, mai salla da mai zuwa coci, a faranti ɗaya. Ya ɗauki dutse har wuyansa ya sage. Ya shiga ramin gonar Hélène tare da su suna cike shi da duwatsu da rassa, ya ga da idonsa yadda ruwan gonar uwarsa ya cinye wa matar nan kunya-kunya na gyaɗa, ba ta kuma taɓa buɗe baki ta gaya masa ba.

Ba duka kututturan suka tashi ba. Waɗansu sun bushe ƙurmus, ciki har da wasu manya da ya fi sa rai a kansu, kuma duk ranar da ya wuce su sai ya ji abin a ransa. Amma mafi yawa, cikin zafin nan da ke sa kare ya rasa inda zai kwanta, sai ga su sun fito da toho kore shar, kowane kututture da tarin 'ya'ya. Hélène ta ce ba a barin su duka, sai a zaɓi mafi ƙarfi a cire sauran, a kuma cire su ba tare da an ɓare fatar wanda aka bari ba. A nan ya fito da ƙaramar wuƙarsa ta fiɗa. Mutumin da ya saba raba fata da nama ba tare da ya huda ba, wannan ba ya ba shi wuya. Ba a jima ba gonakin wasu ma shi ake kira ya rage musu toho, yana yi ana tsokanarsa a ce a ɓoye fenti kada ya gani.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Jauro ya fito zagayen gonaki da sandarsa, dattawa na biye. 'Yan komite suka taru a bakin gonar Inna Amatu. Zaharaddin ya sa farar riga ya tsaya a cikinsu.

Jauro ya bi layukan duwatsu, ya leƙa cikin shingayen ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ya zunguri wani busasshen kututture da sanda. Sannan ya dawo ya tsaya.

"Bara da na zo, itatuwan nan sun kai mini kafaɗa. Bana iya gwiwa. Gonar nan gaba take yi ko baya?" Ya juya ga Hélène. "'Yata, ke ruwa ya yi wa ɓarna, ke kuma na yi wa alkawari. In kina so, taki ce daga yau. Ba wanda zai ce an zalunce shi."

Zaharaddin ya sunkuyar da kai. Gaskiya tsohon ya faɗa. Ya sa hannu a aljihu ya damƙe ƙyallen nan, yana ba Inna haƙuri a zuci.

Hélène ta juya ta fuskanci gonar. Ta dubi ƙasa mai laushin da ta taru bayan duwatsun da ita ta ɗauko da kanta.

"Baba Jauro, ina so mana," ta ce. "Wa zai ƙi gona? Yarana sun girma, tawa ta yi mana kaɗan. Na kwana da maganar nan ba sau ɗaya ba." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Amma ni abin da na rasa tun rasuwar Dada Amatu, mahaifiyarsa, mutum ne a sama da ni, wanda zai tare ruwa kafin ya iso kaina. In ka ba ni, ni ce a sama ni ce a ƙasa, hannuna kuma biyu ne. Wannan bawan Allah, ran da ya zo bai san gawo da tumfafiya ba, ya yi mana ɓarnar da ko awaki ba su taɓa yi ba. Mais il vient. Yana zuwa, Baba. Duk ranin nan ba mu taɓa fita surga muka neme shi muka rasa ba. Ka bar masa. Ran da ya daina zuwa, ni zan fara kawo maka ƙara."

Jauro ya dube ta, ya dubi Zaharaddin, ya buga sandarsa a ƙasa. "Kun ji dai da kunnenku. Ɗan Amatu, gonarka tana hannunka. Ka shirya iri." Ya wuce gona ta gaba, dattawa suka bi shi.

Zaharaddin ya matsa kusa da Hélène. Ya ce, "Madam, na gode." Ya ga bai isa ba, ya ƙara da Fulatanci, "Useko." Ya juya ga Maurice da sauran, ya sake faɗa. A ransa ya san ko shanun kara duka ya yanka musu bai biya ba, kuma ya san ba biya suke nema ba.

"Ya isa haka, kada ka sa mu kuka," in ji Hélène. Ta ɗauko gwangwanin fenti daga kwanonta, da ɗan tsinken da aka ɗaura wa tsumma a baki, ta miƙa masa. "Waɗanda ka zaɓa sun yi ƙwarin da za a sa musu alama. Gonarka ce, kai za ka shafa. Ka dai tuna, Sarkin Fawa, a nan ba mayanka za su ba."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Ya karɓi gwangwanin ya nufi tsakiyar gona, wurin kututturen da ya sami ƙyallen Inna a kan reshensa. Tohon da ya bari a nan ya miƙe sambal, kaurinsa ya kai yatsa. Ya durƙusa, ya janye ƙayar shingen, ya tsoma tsinken ya shafa masa ja a hankali. Sannan ya ciro ƙyallen daga aljihu ya ɗaura a ƙasa da fentin, sako-sako, don ya bar wa itacen wurin yin ƙiba.

Ya mayar da ƙayar yadda take, ya ɗauki gwangwaninsa ya matsa ga na gaba.